Rabin Farantin Baba

Mount Isa, 9 ga Yuni, 1986

Rae,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Baba. Ni lafiya lau, sai ƙafata ta hagu da ke kumbura in na daɗe a tsaye, kuma a nan tsayuwar ce aikin. Mutum sittin da huɗu nake dafa wa abinci a gidan kwanan masu haƙar ma'adinai, sau uku a rana. Ba sa tauna, haɗiya kawai suke yi. Ko takalmi na dafa musu za su nemi ƙari, don haka ba na ɗaukar yabonsu a bakin komai.

Na samu katinki. Kin ce za ki sa Baba a mota ku zaga ƙauyuka har wata guda. A Yuni, da ƙasar nan ke tsakiyar hunturu, Rae? Mutum mai shekara saba'in da shida, mai ciwon zuciya? Ke kika matsa mini na karɓi wannan aiki na wata huɗu. Kika ce shekara tara ina jinyarsa ni kaɗai, in je in sha iska, za ki baro Melbourne ki zo ki riƙe shi. Na ɗauka riƙon a gida ne.

Tunda na san ba fasawa za ki yi ba, ga abin da ke jikin takardar da na manna a firiji, don na san ba ki karanta ba. Ba gishiri. Ba kitse. Farar ƙwaya da safe, ja bayan abincin rana. Safa biyu. Kuma kada ki tsorata in ya bar rabin abincinsa. Kullum rabi yake bari, tun rasuwar Mama. Na gwada duk abin da na sani. Littattafaina tara na taho da su, na kowace shekara ɗaya, sun cinye rabin akwatina. Jiya na buɗe na bara na duba: rabi, rabi, ƙasa da rabi, rabi. Wataƙila hannuna ne. Mama ta sha cewa ina girki kamar mai cike takardar gwamnati.

Ki rubuto mini abin da ya ci. Ba sai kin auna ba, ki dai kwatanta.

Yayarki,
Glenys

*

Oatlands, 18 ga Yuni

Glen,

Muna lafiya, mu biyu da motar. Baba na gaishe ki, ya ce ki riƙa ɗora ƙafar kan matashi. Sanyi kam akwai shi. Da safe ciyawa fari fat, sai na zuba wa gilashin mota ruwan ɗumi kafin mu tashi. Safa biyu yake sawa, ki kwantar da hankalinki.

Nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba. Ya cinye. Tas.

Jiya da rana muka tsaya a otal ɗin garin nan. Na nufi ɗakin tebura inda mata da iyali ke zama, na waiwaya babu Baba. Ashe ya shige ɓangaren maza, ya ɗare doguwar kujera a bakin kanta, wato dogon teburin da ake miƙo giya, tsakanin wani mai askin tumaki da wani direban motar katako. Na bi shi. Mai otal ɗin, wani mai tumbi, ya ce, "Madam, ɗakinku na can ciki. Har da labule da furen roba muka sa muku."

Na ce, "Wutar jin ɗumi kuma kuka bar wa kanku."

Ya ce, "To zauna. Amma in kika ji ashar, ba ni na yi ba."

Baba ya ce, "Rabu da ita. A Melbourne take, ita za ta koya muku sabon zagi."

Aka kawo hanta da albasa, da dakakken dankali, da romo a kai. Ni na shagala, mai askin tumakin yana ba ni labarin yadda wani rago ya ɓalle masa haƙori. Da na juyo, Baba yana goge farantin da burodi. Direban ya ce, "Tsoho, ka bar wa farantin fentinsa mana." Baba ya ce rabonsa da ya ci ya ƙoshi tun matarsa na da rai.

Ranar Asabar mun je kasuwar da ake ci a zauren coci. Na sayi zuma da cuku. Shi kuma ya tsaya faɗa da mai tuffa. Mutumin ya rantse sabuwa ce. Baba ya ɗauki ɗaya ya shinshina, ya ce, "Yaro, shekara arba'in ina noman wannan abu. Tun Maris take kwance a sito. In kuma a Yuni bishiyarka ke haihuwa, a kira limamin cocin ya duba ta." Har masu layi suka yi dariya. Ban san Baba na da baki haka ba.

Ki aiko amsa gidan waya na Deloraine, can za mu kai nan da mako biyu.

Taki,
Rae

*

Mount Isa, 25 ga Yuni

Rae,

Na gode da wasiƙa, na ji daɗi kuna lafiya. Ƙafa da sauƙi.

Sau huɗu na karanta. A karo na farko na yi murna. Ina so ki san haka, har na rubuta a littafi cewa na yi murna. Daga karo na biyu ne abin ya fara canzawa.

Hanta da albasa. Na duba. A shekara tara na dafa masa ita sau ɗari da goma sha ɗaya. Ranar yanka nake zuwa wajen mahauci, in jiƙa ta a madara, in cire jijiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Bai taɓa wuce rabi ba. Sai ga wani mai tumbi ya jefa ta a kasko, ya ci har da suɗe faranti. Kuma ya faɗa gaban baƙi wai rabonsa da ƙoshi tun Mama na da rai. Wa ke ciyar da shi tun lokacin? Sun tambaya? Kin gaya musu yana da wata 'yar?

Kowace shekara ranar haihuwarsa ina kai shi otal ɗin garinmu, Cygnet. Tun ana saura mako nake kama mana tebur a ɗakin iyali, mu zauna ni da shi kamar mutanen kirki. Can ma rabi. Ɗaya ɓangaren kuwa ban taɓa taka shi ba, ba haka aka rene mu ba. Ke kam ko'ina kika shiga sai an matsa miki kujera. Tun muna yara haka ne.

Na san gishiri ne. Kin bar shi yana cin abin da zai kwantar da shi, yana yi miki dariya, ni kuma in zama mai hanawa. Ko kuma ba gishiri ba ne, ni ce ban iya ba. Ban san wanne na fi so ya zama ba.

Ki tambayi mai girkin abin da ya sa a romon. Ki rubuta daidai, kada ki ce mini ɗan wannan da ɗan wancan.

Glenys

*

Deloraine, 4 ga Yuli

Glen,

Lafiya muke, sai ɗan mura da ya kama ni, shi bai kama shi ba. Na karɓi wasiƙarki yau da safe. Kai, Glen. Ɗari da goma sha ɗaya.

Mun baro Oatlands da nisa, amma na tambayi matar da ke girki a nan, don nan ma suɗewa ya yi. Ta kalle ni sama da ƙasa, ta shiga ciki, ta fito da gwangwani. Hoda ce, a zuba ruwan zafi a dama. Ta ce, "Gaya wa yayarki sirrin gidanmu ne. Kakata ce ta fara sayo shi a kanti."

Tunda kin ce in kwatanta: a Ross miyar wake da burodi mai zafi, ya cinye. A Longford farfesun zomo, ya cinye ya tsotse ƙashi. A nan gasasshen rago da kabewa. Duk inda muka shiga kanta yake nufa, na ma daina tambayar ɗakin iyali. Ya sassauta bel ɗinsa huji ɗaya. Kuma kafin ki ce wani abu, na kai shi wajen nas a Longford ta auna jininsa, ta ce bai hau ba.

Yanzu ga wata magana, don Allah ki karanta a hankali. Tunda ɗana Craig ya shiga soja ɗakinsa babu kowa. A ƙarshen layinmu akwai otal, taku ɗari ne. Me zai hana Baba ya koma wajena gaba ɗaya? Ke kin yi naki, kin yi fiye da naki. Shekararki arba'in da biyu. Ki samu sarari ki yi rayuwarki. Na taɓa masa maganar a mota. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, cewa ya yi in kalli hanya.

Daga nan sai Stanley, ki aika can.

Rae

*

Mount Isa, 11 ga Yuli

Raelene,

Allah ya sawwaƙe murar. Ni lafiya.

Kin ce in yi rayuwata. Wacce? Ki aiko mini da adireshinta.

Kin zo da mota da jan baki kin yi wata ɗaya kina yawo da shi daga kasuwa zuwa otal. A wata ɗaya na hutu kowa zai iya zama 'yar da ake so. Ranar da ya faɗi a banɗaki a 1981, ni na ja shi har falo, ni na kwana asibiti mako biyu a kujera. Ke furanni kika aiko. Na bar aikin banki saura kaɗan a ƙara mini girma. Ban taɓa yi miki gori ba, yau na yi.

Ashe shi ya sa aka turo ni nan in sha iska. Ko dai ba haka ba ne. Na duba abin da na rubuta ranar da kika fara kawo maganar aikin, na ga na rubuta, "Rae na da kirki yau." Yanzu ban san abin da zan yi da wannan layin ba.

In shi ya ce zai bi ki, ba zan tare ƙofa ba. Amma daga bakinsa nake so in ji. Ki ba shi biro ya rubuta da hannunsa cewa abincin gwangwani ya fi nawa.

Sau uku na rubuta wannan wasiƙa. Wannan ce mai sauƙin.

Glenys

*

Mount Isa, 25 ga Yuli

Rae,

Da fatan lafiya. Mako uku ke nan ban ji daga gare ki ba. Na buga wayar gida sau biyar, ba a ɗauka ba. Ko har kun haye teku zuwa Melbourne ne? In ba shi da lafiya ki gaya mini. In fushi kike, ki yi abinki, amma ki rubuto ko layi ɗaya ne. Wannan wasiƙar dai gida na aika da ita, don ban san inda kuke ba.

Glen

*

Cygnet, 31 ga Yuli

Glen,

Lafiyarsa ƙalau, ki fara da wannan. Ni ma na warke. Muna gida tun Lahadi. Ba mu je Stanley ba. Ruwa ya cinye hanya, muka juya gabas bakin teku, ya ce yana so ya ga jiragen kamun kifi, muka ƙara kwanaki. Wasiƙarki ta Stanley sai jiya aka turo ta nan, tare da ta biyun. In waccan ce mai sauƙin, ki ƙone sauran. Maganar furanni gaskiya ce.

Ga abin da ban gaya miki ba. A St Helens ranar wata Asabar 'yan ƙwallo sun cika kanta, babu wurin sa ƙafa. Dole muka shiga ɗakin iyali, na zauna ina fuskantarsa. Kifi ne da aka kamo da safen, da soyayyen dankali, gishiri har yana ƙyalli. Ya bar rabi. Na ce ko gajiya ce. Da muka dawo gida na yi masa girki kwana uku, da man shanu da gishiri, duk abin da takardarki ta hana. Rabi, rabi, rabi. Jiya na ajiye cokali na ce, "Baba, me na yi?"

Ya ce, "Kin fara irin na yayarki."

"Irin me?"

"Kallo. Cokali ya tashi, idonki ya bi shi. Ya sauka, ya bi shi. Wa zai iya haɗiya ana jira ya haɗiye?"

Na ce ai a otal mutum ashirin ne a kansa.

Ya ce, "A gefe suke, ba a gaba ba. A kanta kowa kwalabe yake kallo. Ni da na tashi ina cin abinci a gindin bishiya da masu tsinkar tuffa, a jere, kowa ya sa gona a gaba. Uwarku ma a gefena take zama, tana kallon taga tana gulmar maƙwabta."

Na ce, "To me ya hana ka gaya wa Glen? Shekara tara."

Ya ajiye kofinsa. Ya ce, "Yarinyar da ta bar banki saboda ni. In ce mata me? Ta daina kallona?" Sai ya ƙara da cewa girkinki ya fi na duk otal ɗin da muka shiga, ko ba gishirin. Na ce ya rubuta miki da hannunsa. Ya ce shi ba akawu ba ne.

Na tambaye shi maganar Melbourne kai tsaye. Ya ce ba ya son garin da mutum bai san sunan karen maƙwabcinsa ba. Amma in za ki dawo ki zauna gabansa da biro, zai bi ni, don ya gaji da ba ki kunya sau uku a rana. Haka ya faɗa, ban ƙara ko wasali ba. Ɗakin Craig yana nan. Magana tana wajenki.

Kuma tunda gori muke yi, ga nawa. Kilomita dubu biyu na tuƙa. A kowace kasuwa sai ya ɗaga kwalbar zuma ya ce, "Da Glen na nan, da ta san ko an haɗa da sukari." Wani mai cuku ya tambaye ni, "Ke ce Glen ɗin?" Na ce a'a, ni direba ce.

Rae

*

Mount Isa, 9 ga Agusta

Rae,

Gaisuwa, ke da shi. Na gode da kika fara da lafiyarsa. Ni ina nan, ƙafa ta dawo da kumburinta.

Kwana uku ban iya ɗaukar biro ba. Da farko na ce ƙarya yake yi don ya rufa wa gishiri asiri. Sai na ce bari in duba. Ranar hutuna na baje littattafan tara a kan gado, na bi su shafi shafi ina neman inda na rubuta "ya cinye". Sau huɗu ne.

Na farko, Maris 1979. Zazzaɓi ya kwantar da ni, na ajiye masa tire na koma gado. Na biyu, 1982, a cikin mota, muna jiran jirgin fito zuwa tsibirin Bruny, ana ruwa, mu biyu muna kallon gilashi. Na uku, ranar da famfon kicin ya fashe, ina tsaye kan mai gyara. Na huɗu bara, gobarar daji ta taso bayan tsauni, na ci nawa a tsaye a bakin ƙofa ina kallon hayaƙi.

Kowanne na rubuta dalili a gefensa. Na farko na sa "ƙarin albasa". Wata shida na yi ina cika masa abinci da albasa bayan nan, bai ce komai ba. Na rubuta awa, na rubuta yanayin gari, na rubuta ko ya yi tari. Ban taɓa rubuta inda nake zaune ba.

Har yanzu ina jin haushi ke ya gaya wa. Wata biyu kika yi. Wannan ba zai wuce da wuri ba, gara ki sani.

Ba zai je Melbourne ba. Ki tura teburin kicin ya jingina da bangon taga, ki jera kujerun a gefe ɗaya. In ƙafar teburin tana rawa, akwai guntun katako a bayan murhu. Rubutu zan riƙa yi a ɗakina. Ban yi alkawarin ba zan saci kallo ba. Jiya na gwada a nan, na ɗauki farantina na zauna gefen wani tsohon mai haƙa, na sa bango a gaba. Wuyana ya yi ciwo, kuma har yanzu yana damuna ban san ko ya cinye ba. Gishiri dai babu, wannan likita ne ya faɗa, ba ni ba.

Zan iso Asabar, 13 ga Satumba, jirgin rana. Ki tsaya har in zo, ko da mako guda ne. Gefen teburin zai ɗauki mutum uku in an matsa. Sai dai kunnensa na dama ya mutu tun zamanin tarakta, wanda ke hagunsa kaɗai yake ji. Ni ce a hagu.

Yayarki,
Glen